Sabar Home Assistant a gidan da ke kwana kan batir: wace na'ura zan saya, kuma dole ne sai da Proxmox?

Baban Biyu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka, tun kafin in sayi abin da zai zauna a kunne dare da rana na tsawon shekaru.

Home Assistant ɗina, wato manhajar da ke sarrafa kayan lantarkin gida, yana kan ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 4 mai RAM gigabait 2, da katin memori. Kayan da yake riƙe da su ba su da yawa, amma gidan ya riga ya saba da su: ƙwayayen fitila na Zigbee (hanyar da kayan gida ke magana da juna ta rediyo) a falo da baranda da lungun da ke zuwa banɗaki, na'urorin jin motsi, na'urar auna zafi a ɗakin yara, sai injin da ke tura ruwa tanki, wanda yake tashi idan ruwa ya yi ƙasa kuma rana tana da ƙarfi. Mahaifiyata tana tare da mu, idonta ya yi rauni, kuma fitilar lungun nan da ke kama kanta idan ta fito da dare ta fi mini duk sauran tsarin muhimmanci.

Gidan kan sola yake. Da rana ba ni da damuwa, farantan suna ba da fiye da abin da muke sha. Da dare ne kowane wat yake shiga lissafi, domin daga batir yake fita, ga firiji yana jiran nasa rabon har gari ya waye.

Yanzu ina so in ƙara kyamara biyu a waje, in haɗa su da Frigate don ya riƙa bambance mutum da kyanwa da inuwar bishiya. Ina kuma son AdGuard Home saboda tallace-tallacen da ke cika wayoyin yara. Na san Pi 4 mai gigabait 2 ba zai ɗauki wannan nauyi ba. Katin memorin ma ba ya kwantar mini da hankali, tunda Home Assistant ba ya daina rubuta tarihin na'urori a kansa, kuma irin waɗannan katuna ba don rubutu ba dare ba rana aka yi su ba.

Akwai tsohuwar kwamfutar tebur a ajiye, mai babban akwati da katin hoto da faifai mai juyawa. Na jona ta a soket mai mita na bar ta zaune ba ta aikin kome, sai na ga tana shan kusan wat 60. A awa 12 na dare, wat-awa 720 ke nan daga batir. A shekara ya haura kilowat-awa 500. Pi ɗin kuwa da sandar Zigbee ta USB a jikinsa yana wajen wat 4. Don haka na cire ta daga lissafi duk da kyauta ce.

Abin da na hango guda uku ne. Ko Raspberry Pi 5 da faifan ajiya na SSD a kan allon M.2, ko ƙaramar kwamfuta mai firosesa Intel N100, ko ɗaya daga cikin ƙananan kwamfutocin ofis na hannu, irin su ThinkCentre Tiny da OptiPlex Micro masu i5-8500T. A takarda an rubuta wa N100 wat 6, an rubuta wa i5-8500T wat 35. Idan haka ne ai magana ta ƙare. To amma ina ganin masu na ofis ɗin suna cewa nasu ba ya wuce wat 12, sai na rasa inda 35 ɗin ya shiga.

Tambaya ta biyu ita ce Proxmox. Duk inda na leƙa shi ake kira, a raba kwamfuta ɗaya ta zama da yawa, kowace manhaja da tata. Shin wannan rabon yana ƙara shan wuta? Kuma mai kyamara biyu da fitilu da injin ruwa yana bukatarsa da gaske? Na iya bin umarni a Linux, na iya karanta bayanin kuskure in nemo maganinsa, amma ba na son abin da sai na zauna a kansa kowane ƙarshen mako. Allah ya saka wa duk wanda ya ba ni lokacinsa.

Tsohon Injiniya:

Wa alaikumus salam. Malam Baban Biyu, ka yi abin da mutane da yawa ba sa yi, ka sa mita kafin ka yanke hukunci. Ka ci gaba da hakan har ƙarshe.

Lambar nan ta 6 da 35, wadda suke kira TDP, ba ita ce wutar da kwamfuta take ja daga soket ba. Ma'auni ne na zafin da mai ƙera akwatin zai tanadar wa hanyar fita idan firosesa ta ɗauki aiki mai nauyi ta ɗore a kai. Sabar gida kuwa kusan duk rayuwarta jira take yi. Motsi ya zo, ta kunna fitila cikin ƙiftawar ido, ta koma jira. A lokacin jiran firosesa tana shiga matakan barci, C6, C8, har C10, tana kashe sassan jikinta ɗaya bayan ɗaya, kuma a can ƙasa ita kanta abin da take sha kaɗan ne ƙwarai. Abin da mita ke nuna maka a lokacin na sauran kayan ne: babban allo, RAM, SSD, guntun netwok, fanka, da asarar da adafta take yi wajen sauya wuta. Shi ya sa ƙaramar N100 takan zauna tsakanin wat 6 da 10, na ofis masu i5 mai harafin T kuma tsakanin 8 da 12. Idan aka matsa wa N100 aiki ma tana haura wat 20 a soket, duk da 6 ɗin da aka rubuta mata.

Ka riƙe wannan lissafi: shekara awa 8,760 ce, don haka wat 1 da ke kunne kullum kilowat-awa 8.76 ne. Bambancin wat 3 tsakanin na'urori biyu kusan kilowat-awa 26 ne a shekara, wat-awa 36 a darenka na awa 12. Ka kwatanta da 720 na tsohuwar kwamfutarka. Babban tsallen shi ne daga 60 zuwa 10, kuma ka riga ka yi shi da ka ajiye ta. Abin da ya rage ƙanana ne.

Dalilin da ya sa manyan akwatuna suke sha haka, har da abin ba su wuta. Mai wat 500 da ake jan wat 40 kawai daga gare shi yana aiki a ƙasa da kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa, kuma a nan ne ya fi yin asara. Tambarin 80 Plus da kake gani a jikinsu, galibin matakansa a kashi 20 da 50 da 100 ake gwada su. Ƙara katin hoto da ba ya barci sosai, da faifai mai juyawa mai shan wat 4 zuwa 6 shi kaɗai, sai ka ga 60 ta cika.

Tunda batir ne damuwarka, kada idonka ya tsaya kan sabar kaɗai. Kyamarar waje, idan fitilunta na ganin dare suka kama, kowacce tana iya kusantar abin da ƙaramar kwamfutar take sha. Ƙwan fitila mai Zigbee ko an kashe shi rediyonsa yana saurare, rabin wat ko ƙasa da haka, amma guda 20 sun zama wani abu. Sannan inbata. Manyan inbatoci suna cin wat 20 zuwa 50 don kawai suna kunne, ko ba a jona musu kome ba. Tunda firiji yana tilasta maka barin ta a kunne, wannan ba laifin sabar ba ne, amma ka san da shi. Da yawa daga ƙananan N100 da adafta mai bolt 12 suke aiki, don haka ana iya ba su wuta kai tsaye daga batir ba tare da an bi ta inbata ba, su da rawuta. Sai dai batirin da ake ce wa na bolt 12 yana haura 14 idan yana caji, dole a sa abin daidaita bolt a tsakani da fis. Na ofis ɗin bolt 19 zuwa 20 suke so, nasu sai an ɗaga.

Pi 5 ba na ba ka shawararsa saboda kyamarorin. Ba shi da sashen da ke warware bidiyon H.264 a jikinsa, na H.265 kawai yake da shi, ga shi gane mutum a hoto sai ka ƙara masa wata na'ura irin Coral ko Hailo. Kafin ka haɗa allon M.2 da SSD da fanka da wannan ƙari, 'yan wat ɗin da kake son tsira da su sun tafi. Sashen hoto da ke cikin firosesar Intel kuwa yana yin duka biyun: yana warware bidiyo da Quick Sync, kuma Frigate yana iya gane abubuwa a kansa ta OpenVINO. N100 da i5-8500T duk sun iya.

Tsakanin su biyun, N100 ta fito a farkon 2023, ƙwaya 4 gare ta, ramin RAM ɗaya, kuma iyakar da Intel ta rubuta mata gigabait 16 ne. i5-8500T ta 2018 ce, ƙwaya 6, akwatunan ofis ɗin suna da ramin RAM biyu da wurin faifai na biyu, kuma an gina su da ƙwari, kayan gyaransu ba sa wuyar samu. Da ni ne mai batir, N100 mai gigabait 16 zan ɗauka. Wanda yake ganin zai tara manhajoji nan gaba, na ofis ya fi masa.

Kowacce ka saya, ka shiga BIOS, wato saitin farko na kwamfutar, ka tabbatar matakan barci da ASPM (tsimin wuta na kayan da ke jone da babban allo) suna kunne, ka kuma saita ta ta riƙa tashi da kanta idan wuta ta dawo. A Linux, powertop zai nuna maka matakin barcin da take kaiwa. Idan ta tsaya a C2 ko C3, wani abu ne yake hana ta, sau da yawa SSD ko guntun netwok. Ka yi hattara da umarninsa mai gyara kome kai tsaye, domin yana sa kayan USB barci, kuma sandar Zigbee ba a so ta yi barci.

Ɗalibin Linux:

Baba Injiniya kun gama magana kan na'ura, Allah ya ƙara lafiya. Yaya Baban Biyu, ni ɓangaren Proxmox zan taɓa, don a kansa nawa yake, kuma ina sonsa.

Proxmox Debian ne a ƙasa, wato wani nau'in Linux, kyauta ne, wani kamfani a Biyana ta ƙasar Ostiriya yake yin sa tun 2008. Abu biyu yake ba ka. Na farko VM, wato cikakkiyar kwamfuta a cikin kwamfuta, da nata tsarin da nata rabon RAM. Na biyu kwantena ta LXC, wadda take aron zuciyar Linux ɗin uwar na'ura, don haka ba ta da nauyi. Kamar gida ɗaya ne da aka yanka ɗakuna, kowa da ƙofarsa, amma rufi da mitar wuta ɗaya.

Shan wuta ba abin damuwa ba ne. Firosesar zamani tana da VT-x, ita take ɗaukar aikin rabon a jikinta, kuma VM da ba ta aiki ita ma barin firosesa take ta yi barci. A kan tawa N100 bambancin da na gani bai fi wat ɗaya ko biyu ba. Akwai wani saiti a kowace VM na linzamin allon taɓawa, idan ka kashe shi farkawar banza tana raguwa.

Ga yadda na tsara. Home Assistant OS, wato Home Assistant da ya zo da nasa tsarin aiki, a VM, ƙwaya 2, RAM gigabait 4, faifai gigabait 32. Masu Home Assistant suna da hoton faifai na qcow2 a shafinsu, ka shigo da shi, ka zaɓi UEFI, ka cire alamar makullan Secure Boot, in ba haka ba ba zai tashi ba. AdGuard a ƙaramar kwantena, rabin gigabait ya ishe shi har ya yi yawa. Frigate a wata kwantena da aka buɗe mata /dev/dri don ta taɓa sashen hoto. Wannan shi ne amfanin kwantena a nan: VM sai dai ka miƙa mata sashen hoton gaba ɗaya, kwantenoni kuwa suna iya raba shi. Gaskiya wannan ɓangaren na Frigate shi ne mai cin lokaci, kuma masu Frigate ɗin su kansu Docker, wata hanyar kwantena, a kan Debian kai tsaye suka fi so.

Abin da ya sa ba zan koma ba shi ne ɗaukar hoton tsari. Home Assistant yana fitar da sabon zubi kowane wata. Kafin in sabunta sai in ɗauki hoton VM ɗin, daƙiƙu kaɗan. Idan wani abu ya karye, in mayar da ita yadda take, kafin kowa a gida ya lura. Amma hoton nan a faifai ɗaya yake da VM ɗin, idan SSD ya mutu tare za su tafi, don haka sai an riƙa fitar da cikakken kwafi zuwa wani faifai daban. Wajen girkawa, tunda SSD ɗaya ne, ka bar shi a ext4 da LVM-thin, yana ɗaukar hoto lafiya. ZFS, wani tsarin faifai da za a ba ka zaɓinsa, yana son RAM, yana kuma yawan rubutu a kan SSD mai araha.

Sandar Zigbee za ka miƙa ta ga VM ta lambar na'urar. Ka sa mata wayar ƙari ta USB ta yi nesa da akwatin, a ramin USB 2.0 idan akwai, domin USB 3.0 yana hayaniya a gigahaz 2.4 inda Zigbee yake magana.

Maman Ɗakin Sama:

Sannunku. Na karanta duka, kuma ban ƙi ko ɗaya daga bayanan ba. Sai dai Malam Baban Biyu, ni wuri ɗaya na tsaya a tambayarka, inda ka ce ba ka son abin da sai ka zauna a kansa kowane ƙarshen mako, da kuma fitilar Mama.

Ɗalibi, ƙanena, Proxmox yana da kyau ga wanda yake jin daɗinsa kamar kai. Amma shi ma tsari ne mai neman kulawa. Yana da nasa sabuntawa, yana sauya zuciyar Linux, yana neman a sake kunna na'ura, kuma duk lokacin da aka sake kunna ta, kowane ɗaki na gidan nan naka duhu yake yi lokaci guda: fitilu, injin ruwa, kyamara, har intanet ɗin gida idan AdGuard ne yake amsa sunayen shafuka. Ranar da kwantenar Frigate ta daina ganin sashen hoto bayan sabuntawa, mai gidan ne zai zauna nema. Idan yana tafiya fa?

Abubuwan da yake son ƙarawa duk suna nan a cikin Home Assistant OS a matsayin ƙarin manhajoji. AdGuard Home yana nan, Frigate yana nan, Mosquitto da Zigbee2MQTT, masu kai saƙo tsakanin na'urori, suna nan. Ana zuba Home Assistant OS kai tsaye a kan ƙaramar kwamfutar, ba kome a ƙarƙashinsa, sashen hoto da USB duk yana ganinsu ba sai an miƙa masa ba. Sabuntawa daga allo ɗaya, kuma tun zubin farko na 2025 yana ɗaukar kwafin ajiya da kansa a kan jadawali, ya tura inda ka ce. Haka nawa yake, kuma sai in yi watanni ban buɗe baƙin allon umarni ba. Abin da za ka rasa shi ne saurin komawa baya irin na hoton VM, da damar girka abin da ba ya cikin jerin ƙarin manhajojin. Ka auna ka gani ko kana bukatarsu yau, ba wai ko wata rana za ka so ba.

Amma abin da ya fi damuna ba Proxmox ba ne. Ko da wace na'ura ka ƙare, fitilar da dattijuwa take dogara da ita cikin dare bai kamata ta rataya a kan sabar ba sam. Sabar tana sake tashi, SSD yana mutuwa, adafta tana ƙonewa. Zigbee yana da hanyar ɗaure na'ura da na'ura kai tsaye: makunni ya yi magana da ƙwan fitila ba tare da ya bi ta sabar ba, kuma wasu na'urorin jin motsi ma suna yarda a ɗaure su haka. Ka duba ko taka tana ciki. In ba ta ciki, ka sa ƙaramar fitila mai jin motsi a jikinta a lungun, wadda ba ta san da wata sabar ba, Home Assistant ya tsaya kan ƙawa, irin rage haske da lura da lokaci.

Injin ruwa haka. Home Assistant ya yanke lokacin da ya dace a tayar da shi, wannan daidai ne, shi ya san ƙarfin rana. Amma tsayar da shi idan tanki ya cika aikin makunni mai yawo a kan ruwa ne, a jere da wayar injin, ko aƙalla a rubuta iyakar lokacin aiki a cikin ƙaramin allon da ke sarrafa injin kansa, irin na ESPHome. Idan sabar ta faɗi injin yana tsakiyar aiki, ba wanda zai aiko masa umarnin tsayawa.

Idan ka yi waɗannan biyun, sabar ta zama abin da za ka iya kashewa awa ɗaya ba tare da fargaba ba, kuma a lokacin zaɓin Proxmox ko rashinsa ya yi sauƙi.

Baban Biyu:

Na gode ƙwarai, dukanku. Baba Injiniya, bayaninku na TDP ya warware mini abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Hajiya, maganar makunnin tanki da fitilar lungu zan yi su tun kafin sabuwar na'ura ta iso, ba su jiran kome.

Wani tunani ya zo mini. Me zai hana in bar Pi 4 yana riƙe da fitilu da injin ruwa kaɗai, in sauya masa katin memori da SSD ta USB, sabuwar N100 kuma ta ɗauki kyamarori da AdGuard da duk wani gwaji? Na san na'ura biyu ke nan, amma wat 4 zuwa 5 ne ƙarin.

Tsohon Injiniya:

Tsari ne mai kyau, kuma lissafinsa a fili yake: wat 5 a awa 12 wat-awa 60 ne. Kai ka san girman batirinka, ka san abin da yake raguwa da asuba. Abin da kake saye da wannan 60 ɗin shi ne kyamara da gwaje-gwaje ba za su taɓa fitilu ba. Abin da kake biya bayan wuta shi ne na'ura biyu da za ka riƙa sabuntawa, adafta biyu da za su iya mutuwa. SSD a kan Pi 4 yana jan wuta daga USB, don haka ka tabbatar adaftarka ta amfiya 3 ce ta gaske, kuma ka nisanta sandar Zigbee da wayar SSD ɗin.

Ni da na bi shawarar Hajiya na cire fitilar lungu da tsayar da injin daga wuyan sabar, da na'ura ɗaya zan zauna, in ajiye Pi ɗin a aljihun tebur da kwafin ajiya a shirye. Ranar da N100 ta ƙi tashi, ka jona shi, ka mayar da sandar Zigbee, gida ya dawo. A aljihun tebur ba ya shan ko wat ɗaya.

Don Frigate, ka ba shi ƙaramin zubin bidiyo na kyamara wajen ganewa, hoto 5 a daƙiƙa ya isa, babban zubin kuma a riƙa ajiye shi yadda ya zo ba tare da an sake sarrafa shi ba. Nan ne wat ɗin sabar za su hau ko su sauka, fiye da zaɓin firosesa.

Baban Biyu:

To na tsaya a nan: N100 mai gigabait 16, Home Assistant OS kai tsaye, Pi ya koma ajiya. Ɗalibi, ban rufe ƙofar Proxmox ba. Idan bukata ta kawo abin da ba ya cikin ƙarin manhajoji, kwafin ajiyar nan dai shi zan zuba a VM, kuma zan neme ka. Ba da wuta kai tsaye daga batir zan bari sai na auna ainihin abin da take sha da kyamarorin a kanta.

Saura abu ɗaya. Pi firosesar ARM gare shi, N100 kuma x86. Kwafin da na ɗauka a wannan zai hau wancan? Kuma sai na bi kowane ƙwan fitila da kowace na'urar jin motsi na sake haɗa su da sandar? Wasu a saman silin suke.

Ɗalibin Linux:

Zai hau, Yaya. Kwafin yana ɗauke da saituna da bayanai ne, ƙarin manhajojin kuma sabuwar na'ura za ta sauko da irin nata daga intanet, don haka ka ba ta lokaci a tashin farko. Idan kwafin a kulle yake, ka adana makullin da Home Assistant ya ba ka a wani wuri da ba cikin Pi ɗin ba, don ba ya buɗuwa sai da shi.

Ba sai ka hau silin ba. Muddin sandar nan ce dai ka cire ka mayar, kuma kwafin yana ɗauke da bayanan ZHA ko Zigbee2MQTT, wato manhajar da ke riƙe da Zigbee ɗinka, na'urorin za su same ta yadda suka saba. Ka ɗauki cikakken kwafi, ka kashe Pi gaba ɗaya, sannan ka cire sandar. Ka duba cewa a saitin an kira ta da adireshinta na /dev/serial/by-id, ba ttyUSB0 ba, domin wannan lambar tana iya sauyawa. Ka ba sabuwar na'ura adireshin IP ɗin da tsohuwar take da shi a rawuta, saboda duk abin da aka saita da wannan lamba, kamar masu aika saƙo ta MQTT, ya same ta. Masu aiki da ƙaramin batir sukan yi jinkirin bayyana tunda barci suke yi, ka wuce ta gaban na'urar jin motsi ko ka danna maɓallinta sau ɗaya. Ka yi ƙaurar da safe, don ka sami yinin gaba ɗaya na gwada kowane ɗaki kafin duhu.